Shekarar da Na Kira Sunan Sa'adatu

Tun kuna ƙanana kuke zargina da son kai, kuma har yau da kuka ajiye iyali ba ku daina ba, sai dai yanzu cikin raha kuke yi. In an yanka kaza a gidan nan ku ce cinya ta Yaya Sa'a ce, in na dawo unguwa ku ce ƙullin farko nata ne. Ban taɓa tsayawa kare kaina ba, don uwar da ta tsaya shari'a da 'ya'yanta ta riga ta faɗi. Amma kwanan baya na jiyo ɗaya daga cikin matanku, ba zan ce wacce ba, tana tambayar 'yar'uwarta a madafa, wai wace irin tsohuwa ce wannan mai ƙwala wa 'yar farinta kira da sunan yanka a tsakar gida. Ban ji haushi ba, abin tambaya ta gani. Sai dai na lura in ban ba da amsa da bakina ba, wata rana waɗanda ba su je wurin ba su za su bayar a madadina. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na samu a Tafashiya kafin aure, zan faɗa muku yadda aka yi.

Ku na yanzu ba ku san nauyin kunyar ɗan fari ba. Mahaifiyata Bafulatana ce, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. In tana son a kira shi sai ta ce a kira mata wancan, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai tana amsawa kamar da bango take magana. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san shi ne hasken idonta. Haka aka rene ni, haka kuma na shiga gidan babanku a Dudunni, na tarar da kakarku Iya ita ma ba ta wasa da wannan al'ada. Mace mai mutunci ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko da ya faɗi a gabanta. Da an yaye shi kuwa, na kaka ne.

A gidanmu na Tafashiya na haifi Sa'adatu, don can aka kai ni goyon ciki. Ungozoma na juya ta sai ta yi salati. A ƙasan gadon bayanta akwai wani ƙullutu mai taushi kamar ƙwan agwagwa, fatar wurin siririya har kana hango ruwa a ciki. Wanzami ya ce a bar masa ya tsaga, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce ba za a taɓa masa jika da aska ba. Aka kai ta asibiti a Kankiya, daga can aka tura mu Kano. Likitoci suka ce ƙashin bayanta ne bai gama haɗewa ba tun tana ciki, jijiyoyin da ke sauka ƙafafu suka leƙo waje. Suka yi aiki suka rufe wurin, suka ce wataƙila ta yi tafiya, wataƙila kuma ba za ta yi ba. Ta yi, a makare, tana jan ƙafar hagu kamar yadda kuka san ta. Muka gode wa Allah muka ɗauka an gama. Ba wanda ya yi mana maganar fitsari.

Da aka yaye ta Iya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, kuma ina shaida a gaban Allah ba a taɓa son jika kamar yadda Iya ta so yarinyar nan ba. Tare suke cin tuwo, tare suke zuwa suna da biki, Iya na goye da ita har ƙafafunta suna taɓa gwiwa. Sai dai shekara na tafiya, sa'o'inta duk sun daina jiƙa zane, ita kuwa fitsari na ɗiga mata dare da rana ba ta ma san yana fita ba. Iya ta yi ta naɗa mata tsumma tana wankewa, igiyar shanyarta ba ta taɓa zama babu kaya ba. Da aka sa ta makarantar allo, malam bai kore ta ba, amma a gefen tabarma take zama, a ƙasa, saboda tsarki. Yara kuwa kun san bakinsu. Ranar da ta dawo tana kuka an sa mata wani suna da ba zan rubuta ba, Iya ta yanke shawarar da duk wata tsohuwa a ƙauyen nan za ta yanke: abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Ta rage mata ruwa. Ɗan moɗa da safe, ɗan moɗa da yamma, ba kunu mai ruwa, ba fura sai mai kauri. Ta sa faifai a bakin randa ta ɗora dutsen niƙa a kai don kada yarinya ta sha a ɓoye.

Ni ina gefe ina kallo, leɓen yarinya ya bushe yana tsagewa, ba ni da bakin magana. Abin da na iya shi ne in ajiye ƙwarya da ruwa a bayan rumbu in ce na kaji ne. Ta gane, takan zagaya ta sha, ba ta taɓa dubana ba, ni ma ban taɓa dubanta ba. Zazzaɓi kuwa ya mai da jikinta gida. Ya zo ya tafi, ya sake dawowa, fitsarin ya yi kauri yana wari. A ce shawara ce a dafa saiwa, a ce na sauro ne a sayo ƙwaya. Rashin sani ya fi dare duhu, mu duka a cikinsa muke.

Shekarar da take wajen bakwai, da bazara, ciwo ya kayar da ita sosai. Amai, rawar ɗari, tana riƙe kwiɓi tana kuka. Daga Kankiya aka sake tura mu Kano, sashen masu ciwon mafitsara. Muka je mu huɗu, babanku da Iya da yarinyar da ni, ni ɗin ma don riƙe kaya aka tafi da ni. Babban likitan yana ɗakin tiyata, sai aka shigar da mu wurin wani saurayi siriri mai tabarau, Likita Nasiru, wanda ya gama karatun likita amma yana ƙarƙashin manya yana koyon wannan fanni. Yana da fara'a, ya gaida Iya har da russunawa. Duk tambayar da ya yi Iya ce ta amsa, ni ina bakin ƙofa da ƙullin kaya ina kallon ƙasa. Ya tambaya ko fitsari yana fita, Iya ta ce ai matsalar ke nan, ba ya ma tsayawa. Sai ya ce to alhamdu lillahi, tunda yana zuba babu abin da ya toshe, mafitsarar da ke yoyo ba ta tara komai, ƙwayoyin cuta ne kawai suka shiga. Iya ta gaya masa tana rage mata ruwa, yana rubutu ya ce ba laifi, ko kai bai ɗaga ba. Ya ba da magani, zazzaɓi ya sauka, muka dawo. Iya ta shigo gari da ƙarfinta, duk wadda ta zo sannu sai ta ji cewa likitan birni ma ya ce dabararta daidai ce.

Damina ta sauka, maza suna gona ana noman farko. Wata ranar Asabar da hantsi muka ji mashin ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar da ba ta gari ba. Aka aika gona aka kira babanku. Ni na laɓe a bayan zana ina leƙe, sai ga Likita Nasiru a zaure, wandonsa duk taɓo har gwiwa, takalminsa a hannu. Ashe dangin mahaifiyarsa 'yan Kankiya ne, ya zo wurinsu, daga nan ya hau mashin yana tambaya ƙauye ƙauye, ina gidan su yarinyar da aka yi wa aiki a baya tana jan ƙafa. Har Bauranya ya kai kafin a nuna masa hanya. Aka kawo masa fura bai taɓa ba, ya ce a kira masa Iya tukuna. Da ta zauna sai ya ce:

"Malam, Iya, na zo gyara magana ne. Abin da na gaya muku ranar nan ba daidai ba ne. Ban sani ba, kuma na yi magana kamar na sani."

Na girma na tsufa, na ga malamai na ga masu mulki, ban sake jin wani mai matsayi ya faɗi irin wannan magana ba tare da an matsa masa ba. Ya ce bayan tafiyarmu yana ba maigidansa labarin marasa lafiyan da ya gani, da ya zo kanmu sai babban likitan ya tambaye shi ko ya auna abin da ya rage a mafitsarar yarinyar bayan ta yi fitsari. Bai auna ba, bai ma san ana aunawa ba. Ya ce su masu koyo tsofaffin da fitsari ya toshe wa suke gani kullum, da masu tsakuwa a ƙoda, yara masu irin wannan baya kuwa ba kasafai ake kawo su ba, in an rufe bayan sai kowa ya ɗauka an gama. Ya je ya yi karatu ya yi tambaya, tun daga nan hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya kwatanta mana da tulun da aka bari a bakin famfo: abin da kake gani yana zuba ambaliya ce kawai, tulun a cike yake. Jijiyar da za ta gaya wa mafitsara ta matse ta zubar ba ta aiki, sai fitsari ya kwana ya wuni a ciki, ya lalace, ya koma sama yana danne ƙoda. Zazzaɓin nan duk daga nan yake. Rage ruwa kuwa ƙara wa wuta itace ne. In aka bar ta haka, ƙodar za ta mutu a hankali ba a sani ba, in ƙoda ta mutu kuma yarinya ba za ta kai budurci ba.

Iya ta tashi ta shige gida. A tsakar gida ta buɗe baki, da ƙarfi don ya ji:

"Yaron da ya ce fari jiya, yau ya ce baƙi, gobe mi za shi ce? Ni za a koya ma riƙon ɗiya?"

Babanku mutum ne mai sanyi, kun san shi, bai cika ja da mahaifiyarsa ba. Ranar nan ya biyo ta har ƙofar ɗaki ya durƙusa, ya ce mata mutumin da ya taka taɓo tun daga Kankiya don ya ce ya yi kuskure ba maƙaryaci ba ne, maƙaryaci zamansa zai yi a ofis. Ya bar gona a hannun ƙannensa, cikin makon muka koma Kano.

Aka ɗauki hoton cikinta, Likita Nasiru ya nuna wa babanku ƙodar dama ta kumbura ta fi 'yar'uwarta. Iya ta ce ita ba ta ga komai ba sai hayaƙi. Sai ya ce to bari a yi abin da ido zai gani. Ya sa aka kai yarinyar ta tsuguna har ta ce babu saura. Sannan wata nas, dattijuwa mai haƙuri, ta kwantar da ita a bayan labule, ta sa mata wata 'yar roba siririya kamar tsinken tsintsiya, ta tara kwano. Fitsari ya yi ta zuwa, ya yi ta zuwa, mai kauri, har kwano ya kusa cika. Gani ya kori ji. Iya ta dafe baki.

Daga bayan labule likita ya ce wannan shi ne maganin, babu wani. Ba allura ba ce, ba tiyata ba ce. A wanke hannu da sabulu, a shafa wa robar man da zai ba mu, a sa a zubar da fitsarin, a cire a wanke a adana, kullum, sau da yawa a rana, har iyakar rayuwarta. Da wata ƙwaya da za ta sa mafitsarar ta saki jiki. Kuma a ba ta ruwa ta sha ta ƙoshi. Ya ce ba za a sallame mu ba sai wani daga cikinmu ya iya da hannunsa. Iya ta gyara ɗaurin zane ta matso, don a ganinta wa zai yi in ba ita ba. Amma Iya a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, hannunta kuma yana karkarwa, ko zare ba ta iya sa wa allura. Ta gwada, ta sake gwadawa, ba ta ganin wurin, yarinya ta fasa ihu tana shure-shure. Nas ta riƙe hannun Iya a hankali ta ce ya isa haka.

Likita ya tambaya ina uwar yarinyar. Babanku yana waje a baranda, amma ƙofa a buɗe take, yana ji. Ni ina inda na saba, bakin ƙofa da ƙullin kaya. Ina jin likitan ya dube ni, ya gane, don shi ma ɗan ƙasar nan ne. Bai yi mini magana ba, da ya yi da na nutse. Iya ya fuskanta, ya sassauta murya ya ce:

"Iya, na san abin da ke nan, ba na raina shi. Ni ma ɗan fari ne. Har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Amma ni ƙodata lafiya lau take."

Ina so ku fahimci abin da ke gabana a lokacin. Ba taɓa ta sau ɗaya ba ne a asibiti inda ba wanda ya san ni. In na karɓi robar nan, na karɓe ta ke nan a gaban gari, safe da rana da yamma, in shiga ɗaki da 'yar farina in rufe ƙofa kowa yana gani. Na tuna fuskar mahaifiyata. Na tuna matan bakin rijiya. Sai kuma na dubi kwanon nan da ke ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ajiye ƙullin kaya, na je wurin famfo na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu, ina jin idon Iya a bayana kamar garwashi.

Yarinyar ba ta san hannuna ba. Tun yaye ban taɓa jikinta ba sai a ɓoye in tana barci. Da ta ga ni ce sai ta ƙara firgita, ta haɗe ƙafafu tana kiran Iya. Nas ta ce in yi mata magana, in lallashe ta, yaro ba ya sakin jiki da wanda ya yi shiru. Na buɗe baki ban san me zan ce ba. Ke yarinya, waccan, 'yar Iya, duk sunayen da nake laɓewa a bayansu ba wanda zai yi aiki a wurin nan. Sai na sunkuya daidai kunnenta na ce:

"Sa'adatu. Sa'adatu, ni ce. Kwanta, ba zan ji miki ciwo ba."

Ta yi cak. Ta daina kuka ta zuba mini ido, bakinta a buɗe, don ba ta taɓa jin sunan nan da wannan murya ba. Ni ma ban taɓa ji ba. Nas ta kama hannuna ta nuna mini, robar ta shiga, ɗan abin da ya taru ya fito. Da na ɗaga kai Iya ba ta ɗakin.

Muka yi kwanaki ina koyo har hannuna ya faɗa. Likita Nasiru yakan leƙo ya ce ni da shi duk ɗalibai ne, gara ma ni na fi shi saurin ɗauka. Da ya ji ba mu da agogo, sai ya ce in bi kiran salla, kafin in yi alwala in fara da ita, in ƙara da hantsi saboda tsakanin asuba da azahar da nisa. Da wannan muka dawo Dudunni, aka kwashe tabarmar Sa'adatu da 'yan kayanta daga ɗakin Iya aka kawo nawa.

Kada ku ɗauka a banza na samu. Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari. In na je rijiya sai hira ta mutu, in na juya baya a kwashe da dariya. A gidan suna wata ta tambaye ni a gaban jama'a wai yaya sunan 'yar tawa ma, ta manta. Iya ta daina cin tuwona, ta kafa murhunta a ƙofar ɗaki tana dafa ɗan abin da za ta ci, in na gaishe ta ta amsa da hanci. A lokacin na ɗauka kunyar da na zubar ce ta ɓata mata rai. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Tafashiya. Mahaifiyata ta aiko ƙanwarta takanas ta gaya mini ita ba ta haifi marar kunya ba. Cikin ɗan'uwanku Bashir nake da shi a shekarar, da na haihu ba ta zo ba, ba ta aiko ko da sabulu ba. Daga baya mun shirya, ta zo ta tafi, amma har ta rasu ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma sake sakin fuska da ni kamar da ba. Wannan ciwon yana nan, ban warke ba, kuma ba na so ku ce na ce ban ji ba.

Iya kuwa wata rana da kaka ina sussukar gero, aiki ya sha kaina, hantsi ya wuce ban lura ba. Sai na ji murya daga ɗakinta, ba da ni take ba, da iska take:

"Halan sai rana ta take tsaka za a tuna da ɗiyar mutane?"

Na yar da taɓarya na ruga. Da na fito na ga dutsen niƙa a ƙasa, randa a buɗe. Tun daga ranar Iya ta zama agogon gidan nan, ladan bai rufe baki ba ta fara yi mini tari. Ita da ta hana ruwa, ita ce kuma ta koma bin yarinya da moɗa har bayan gida, sha, ƙara, shanye, har Sa'adatu tana ɓuya a bayan babanku. Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Da daminar gaba ta zo, ta koma cin tuwona, tana ci tana cewa gishiri ya yi yawa.

Zazzaɓin ya ja baya har muka manta da shi. Zanen yarinya ya bushe, igiyar shanya ta huta. Ranar da malam ya ce ta hau tabarma ta zauna cikin 'yan'uwanta, da gudu ta dawo, irin nata gudun, ta gaya wa Iya, ni kuma na ji daga madafa. Mukan koma Kano lokaci lokaci, Likita Nasiru ya nuna mana ƙodar ta saɓe, ba ta koma kamar ta kowa ba amma ta tsaya da ƙafarta. Ya ce tun daga kanmu duk yaron da aka kawo mai irin wannan baya ba ya barinsa ya tafi sai an auna, kuma yana gaya wa na ƙasa da shi labarin kuskurensa da bakinsa. Daga baya ya gama koyo aka tura shi wani gari, ban san inda yake ba yanzu. Ba na yin salla in shafa ban sa shi a addu'a ba, shi da nas ɗin nan da ban ma riƙe sunanta ba. Ilimi da yawa suna da shi. Abin da ya ceci yayarku shi ne mutumin da ya gano bai sani ba, kuma bai ji kunyar biyo mu har gida ba. In kun ga Sa'adatu yau a kan kekenta na ɗinki, 'ya'yanta suna hawa bayanta, ku yi masa addu'a ku ma.

Tun farko ya gaya mini cewa hannuna aro ne, ranar da ta yi wayo ita za ta karɓa. Na ji da kunne amma ban sa a rai ba. Nas ta fara nuna mata da madubi, ni kuma a gida ina barinta ta riƙe ina gyara mata. A raina ina ganin da sauran lokaci. Shekarun nan na saba, ɗan lokacin nan da muke rufe ƙofa mu biyu shi ne nawa a duniya, a nan take ba ni labarin makaranta, a nan nake tsefe mata kai in mun gama.

Wata rana da hantsi, tana wajen sha biyu, na ɗauko buta da sabulu kamar kullum na nufi ɗaki. Na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa ta riƙe labule. Ta miƙa hannu ta karɓi butar, ta karɓi sabulun, ba ta dube ni ba ta ce:

"Inna, ki jira a waje."

Ta saki labule. Na tsaya da hannu biyu babu komai, ban san inda zan sa su ba. Na kasa kunne. Can na ji ƙarar ruwa a kwano, a hankali, bai yanke ba har ya ƙare. Ta fito ta zubar, ta wanke robarta ta adana, ta ɗauki allonta ta wuce ta gabana tana jan ƙafa, ko waiwaye babu. Abin da na roƙi Allah shekara da shekaru ke nan, ya ba ni, sai ga hawaye yana bin fuskata, rabi godiya, rabi kuma wani abu mai kama da maraici.

Iya tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube, don a lokacin idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ban san ta ji ba. Ta ɗaga kai wajen da nake ta ce:

"To. Yau kin ji yadda takan yi."

Sai ta matsa gefe a kan tabarma, ta tura kwandon gyaɗar tsakiya. Na je na zauna kusa da ita muka ci gaba da ɓara.